Kunun da na kai wa Bafillace

Wawan labarin nan ni ne, gara in faɗa da bakina kafin tsofaffin fwayenmu, gidan 'yan ci-rani na Montreuil a Faransa, su riga ni.

Bokona aji uku ne a Damagaram, amma a fannin kauri ni shehi ne. Ƙarfina duka a mangazar barguna ta Aubervilliers ya ƙare, ina sauke kwalaye. A jikin kowane kwali akwai wata kalmar Ingilishi da wani Bakano ya ce mini kauri take nufi. Tun ranar nake karantar da yara asalinta. Na ce musu Turawa a garinmu suka tsince ta, gindin tukunyar kunun kakata. Har yau babu wanda ya kawo hujjar ƙaryata ni.

Mutum guda ne bai yarda da karatuna ba, wani Bafillace da muka daɗe ɗaki ɗaya. Ni Babarbare ne, saboda haka bawana ne tun kakanni, ko da yake shi cewa yake ni ne nasa. Faɗanmu kullum a kan kunu. Ni sai mai kauri, wanda ludayi zai tsaya a ciki ya gaishe ka. Shi kuwa tsululu, ya ɗaga kwano ya kwankwaɗe.

"Wannan ba kunu ba ne, siminti ne," haka yake ce mini. "Kai wa magina."

Daga baya ya kawo iyalinsa, ya koma Lyon. Faɗan ya koma ta waya.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma ta ɗauke. Ba a zuwa dubiya hannu biyu, sai na dama kunun tsamiya da kaina, tsululu yadda yake so, abin da ban taɓa yi masa ba. Na cika termos, na hau jirgin ƙasa.

Na same shi a Vénissieux, gefen Lyon, can saman bene, an jingina shi da matasai. Matarsa Hajiya tana ba shi ruwa da cokali. Ruwan ma sai da ta zuba masa wani gari ya daskare kamar kokon jiya. Ta ce likita ya hana shi duk abin da ke da ruwa-ruwa, don maƙogwaronsa ya daina tarewa, huhu yake wucewa.

Na ce, "Allah ya kama ka, Bafillace. Yau har ruwanka siminti ne."

Bai yi dariya ba. Termos ɗin yake kallo.

Da Hajiya ta shiga sallar la'asar na buɗe, ƙamshin tsamiya ya cika ɗakin. Leɓensa ya motsa. A wurinmu kunu ai shi ne abincin majinyaci, me likitan Nasara ya sani a kansa? Na tallafi ƙeyarsa. Kurɓar farko ya lumshe ido, wallahi na ga abokina ya dawo. Ta biyu ta sarƙe shi. Ya yi ta tari har fuskarsa ta sauya, Hajiya ta fito a guje da carbi a hannu.

Huhun ya kamu. Ya daɗe a asibiti, da aka sallame shi kuma ta roba ake ba shi abinci. Kununa ne abu na ƙarshe da ya bi ta bakinsa. Da sanyi ya shigo ya rasu.

Na koma Lyon ta'aziyya. Hajiya ta amsa gaisuwata, ta ce kwana ne ya ƙare. Da na yi shiru a nan da na tsira, amma bakin shehi ba ya zama.

Na ce, "Hajiya, wallahi shi ya roƙe ni. Da ido ya roƙe ni."

Ta ɗago ta dube ni.

"Malam, wata nawa yana roƙona da idon nan, safe da yamma. Kana tsammani ni ban iya dama kunu ba ne?"