Ɗan Ragon Da Inna Ta Tsinta A Wales

Ko na manta da komai na zamana a ƙasar nan, ba na jin zan manta da ranar da muka saci ɗan rago a duwatsun Wales, da rana tsaka, kuma da zuciya ɗaya.

A shekarar ne na haihu, Inna ta taso daga Zariya ta zo unguwarmu Levenshulme yi min zaman jego. Na gama karatu, an ba ni aiki a nan Manchester, amma ban karɓa ba, don Inna ta ƙi cewa e, ta ƙi cewa a'a. Duk lokacin da na ɗauko maganar sai ta kalli taga ta ce, "Auta, garin da maƙwabci bai san kin haihu ba, shi kike kira wurin zama?" Ni kuwa na san halina, in ta koma gida ba ta sa min albarka ba, aikin nan ba zai riƙu a hannuna ba. Ga bizarta ta kusa ƙarewa, ga masu aiki suna jiran amsa. Abin ya hana ni sukuni.

Yayana da ke Sparkbrook shi ya kawo shawarar fita. Ya taso daga Birmingham da motarsa wata Asabar yana cewa, "Tun da tsohuwar nan ta zo ba ta ga komai ba sai Stockport Road da ofishin likitan GP. Mu kai ta seaside ta ga teku." Maigidana yana wurin aiki, sai muka kama hanya mu uku da jaririyata.

Da muka bar babban titi, ƙasar ta fara tashi a hankali. Hanya ta tsuke, tana lanƙwasa tsakanin katangun duwatsun da aka jera ba siminti. Gajimare ya sauko har ya zauna a kafaɗun tsaunuka, ruwa yana zirarowa daga sama fari fat, ciyawa kuwa kore shar har ido ya gaji. Ni dai ji nake kamar barci ne ya ɗauke ni ido biyu. Inna, wadda ta yi kiwon tumaki a bayan ɗakinta tun kafin a haife mu, ba tsaunin take kallo ba, tumakin da suka warwatsu a jikinsa take bi da ido.

"Wai ina makiyayinsu?" ta tambaya.

"Ƙila ya tafi break," in ji Yaya. Har yau ina yi masa tsiya kan amsar nan.

Can a wata kwana ta ce a tsaya. Ɗan rago ne kwance a gindin katanga shi kaɗai, bai fi kyanwa girma ba, da shuɗin fenti a gadon bayansa. Kafin Yaya ya gama gyara tsayuwa har ta fita ta sure shi cikin mayafinta. Ta ce ɓata ya yi, kuma wanda ya ga dabbar mutane ta ɓata ya wuce, da alhaki a kansa, sai an yi cigiya. Mu ma da muke taƙama da boko ba wanda ya musa, don a gida haka ake yi. Muka ci gaba da tafiya, jaririya na barci a kujerarta, ɗan rago na rawar jiki a cinyar Inna, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Mun yi nisa kafin mu ga gidan gona. Wata dattijuwa cikin takalman roba ta fito, ta kalli Inna, ta kalli abin da ke cikin mayafi, ta dafe kai. Ba ta yi faɗa ba. Ta yi wa Yaya bayani, shi kuma ya juya wa Inna da Hausa: tumakin nan ba a tsare su, kowace ta san gefen dutsenta. Uwar ce ta kwantar da shi ta tafi kiwo, tana sane da inda yake. In ba a mayar da shi da wuri ba, tana iya ƙin karɓarsa, yunwa da sanyi su kashe shi.

Ban taɓa ganin fuskar Inna ta faɗi irin na ranar ba. "To ni ce na raba su ke nan," ta ce. "Juya motar."

Matsalar ita ce duk kwana-kwanar hanyar kamarsu ɗaya, ga gajimare ya ƙara saukowa har gaban motar ba ya ganuwa sosai. Yaya ya sauke gilasai, muna tafiya a hankali cikin farin nan, ba ka jin komai sai ƙarar ruwa. Sai muka jiyo kuka daga sama, mai kauri, ba ya yankewa. Ɗan ragon ya zabura ya amsa. Uwar tana nan tsaye a gindin katangar, daidai inda muka ɗauke shi. Inna ta ajiye shi ta ja da baya. Uwar ta shinshina shi, ta kauce, ta sake shinshinawa. Can dai ta tsaya cik, ya cusa kai ƙarƙashinta, 'yar wutsiyarsa na kaɗawa.

Da la'asar muka isa bakin teku. Rairayi ya shimfiɗu har inda ido ya ƙare, tsaunukan da muka baro suna bayanmu, rana ta leƙo ta zuba haske a kan ruwa. Inna ta cire takalmi, ta karɓi jaririyar ta goya, ta tattare zani ta shiga har idon sawu duk da sanyin. Na tsaya kusa da ita. Mun daɗe a haka, ruwa na zuwa yana komawa.

"Kin lura uwar ba ta bi motarmu ba?" ta ce, ba tare da ta dube ni ba. "Tsayawa ta yi inda zai same ta. Ni da na zo nan, gani na yi an yar da ke a bakin hanya, nake ta neman in sure ki. Karɓi aikinki, Auta, Allah ya yi miki albarka. Ina nan Zariya inda kika bar ni."

Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba. Yaya ya juya baya wai yana ɗaukar hoton tsauni.

Yarinyar da aka goya a ranar yanzu ita ke tafiya makaranta da ƙafarta, ina leƙenta ta taga hannuna na ƙaiƙayin in bi ta. Abin da na koya a kan dutsen nan shi ke zaunar da ni: ba duk wanda ka gani shi kaɗai ne ya ɓata ba, kuma wani lokacin babban aikin uwa shi ne ta tsaya inda za a dawo a same ta.