Tarwaɗar Kawu Sallau da Shuɗayen Jarkoki

Na daɗe ina koyarwa a Ɗanzomo kafin in yi ritaya, kuma a cikin maƙwabtan da zama ya haɗa mu, babu wanda ya cancanci a rubuta labarinsa kamar Kawu Sallau. Manomi ne irin na kowa: gero, riɗi, da ɗan zoɓo a gefen gona. Abin da ya bambanta shi da sa'o'insa shi ne wani cin rani da ya je Haɗejia yana saurayi. Wasu sun dawo da keke, wasu da rediyo. Shi kuwa son kiwon kifi ya kwaso, ya kawo mana ƙasar da yashi ya fi ruwa yawa.

Tun daga lokacin, kowace damina sai ya sayo 'ya'yan tarwaɗa ya zuba a kududdufin bayan gari, inda ake haƙar ƙasar gini. Kowace kaka kuma ruwan ya ƙafe kafin su girma, tsuntsaye su yi walima. 'Yan majalisar ƙofar gidana suka naɗa shi Sarkin Ruwa don zolaya. Ya karɓi sarautar da hannu biyu, har yana amsa gaisuwa.

A bara damina ta yi albarka, kifayen suka yi girman da ba su taɓa yi ba. Kawu ya ƙudura cewa wannan karon zai tsallakar da su rani, ya samu iri nasa na kansa. Ran Alhamis ya tafi kasuwar Maigatari, ya dawo da wasu manyan jarkokin roba shuɗaye, waɗanda aka ce wata masana'antar robobi ce ta gama amfani da su. A jikin kowace akwai ɗan hoton kifi a gindin bishiya.

"Malam, duba nan," in ji shi. "Har hotonsu aka saka. Don kifi aka ƙera su."

Ba na ɗauke da tabarau a ranar, sai na taya shi murna.

Kawu mutum ne mai tsafta. Ya ga wani abu mai maiƙo a ƙasan jarkokin, saboda haka ya kai su kududdufi ya wanke tas, ya ɗauraye a cikin ruwan da kifayensa suke. Ba a jima ba kwaɗin da suka hana unguwa sakat suka yi tsit. Daga nan ƙananan kifaye suka fara tasowa ciki a sama.

Sai ya gwada ruwan kamar yadda aka koya mana tun muna yara. Ya duba launi, ya sansana, ya ɗan taɓa a harshe. Babu abin da ya sauya. Ya koma gida ya shaida wa matarsa Larai cewa ruwa dai mai tsarki ne, don haka baki ne aka yi masa.

"Maigida," in ji Larai, tana tankaɗe, "wannan hukuncin na mai alwala ne. Kifayen naka alwala suke yi, ko a ciki suke kwana?"

"Ke dai ba ki taɓa ƙaunarsu ba."

"Ina ƙaunarsu mana. A miya."

'Yarsu Naja'atu, wadda ke karatun kimiyya a Gumel, ta zo hutu a makon. Ta durƙusa ta dubi hoton da ke jikin jarkokin.

"Baba, wannan kifin ai matacce ne. Ba ka ga ya juya ciki sama ba? Bishiyar ma babu ganye."

"Na ɗauka rani ne, shi kuma yana hutawa."

Ta yi masa bayani cikin ladabi cewa alamar gargaɗi ce. Sinadarin da ake sarrafa roba da shi, ko kaɗan ne ya shiga ruwa, yana iya kashe abin da ke numfashi a cikinsa, alhali ido da hanci ba su ga komai ba. Sai Kawu ya tambaya ko manyan kifayen za su rayu. Ta ce watakila, idan an fitar da su yanzu aka sa su a ruwa mai kyau.

Jarkokin dai sun haramta. Idonsa ya sauka kan randunan Larai da ke jere a inuwa, waɗanda ta zo da su tun tana amarya.

"Kada ma ka fara," in ji ta.

Ya fara. Sarkin Ruwa ya naɗe wando ya shiga taɓo, Naja'atu tana karɓa da bokiti, Larai tana mita tana kuma ɗebo ruwan rijiya da kanta. Da yawa sun mutu, amma wasu manya sun tsira, suka ci rani a cikin randa, ana sauya musu ruwa ana ba su dusa.

Da ruwan farko na bana ya cika wani sabon rami da ya haƙa a gonarsa, nesa da masu wanki, can ya sake su. Larai ta wanke randunanta har hannunta ya gaji. Duk da haka, wanda ya sha ruwa a gidan har yau yakan ɗan dakata bayan kurɓar farko, ita kuma takan nuna masa mijinta da haɓa.