Fuskar da Ta Ƙi Fitowa

Mai Zane ake ce masa a layin, kuma ya ci sunansa. Ya taɓa zana ƙusa a bangon shagon wani tela, har da tsatsa da inuwa. Sati guda telan yana rataya tef yana tsintar shi a ƙasa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya zana abin da ba ya gabansa. Sai ya kanne ido ɗaya, ya miƙa fensir ya auna da babban yatsa, sannan ya ja layi.

Shekara talatin da takwas yana zanen kwalabe da ƙofofi, amma bai taɓa zana matarsa ba. In ta yi ƙorafi sai ya ce, "Ke da kike nan kullum, ina za ki?" Hoto ɗaya ta bari, na katin shaida, shi ma ya koɗe.

Da ta rasu, ɗakin ya yi masa faɗi. Ya zana tabaranta, ya zana kofinta mai karyayyen hannu, duk suka fito kamar ka ɗauka. Fuskar ce ta ƙi. Abin takaici, gwanin inuwa bai san yadda kunnen matarsa ya lanƙwasa ba! Tsoro ya kama shi, don kullum ƙara dushewa take a ransa.

Sai ya kira autarsu, wadda kowa ke cewa ita da uwarta kamar an tsaga kara.

"Zauna nan gefen taga. Kar ki motsa."

"Baba, ko numfashi?"

"Shi ma a hankali."

Kwana uku tana zuwa tana zama. Yana kallonta, yana neman wata. Ran na huɗu ya juya mata allon. Ta daɗe tana dubawa.

"Baba, ai ni ce. Har tabon goshina ka sa."

"Ke ce," ya ce. Ya dubi hannunsa da fenti ya bushe a kai. "Na yi ta roƙonsa ya yi mini ƙarya ko sau ɗaya. Ya ƙi."

Ya naɗe mata zanen a takarda, ya raka ta bakin titi, ya dawo ya wanke burushi.