Ƙugiyoyin Baba Bakwai

Ranar da zan taho Masar karatu, Inna ta ƙulla mini kuka da daddawa, ƙanwata ta ba ni carbi. Baba kuwa wani tsohon gwangwanin man shafawa ya danƙa mini. Na buɗe, sai ga ƙugiyoyin kamun kifi guda bakwai kwance cikin man gyaɗa don kada su yi tsatsa, kowacce ta kai tsawon yatsana. Wani maƙeri ne ya ƙera masa su tun muna Doron Baga, kafin masu bindiga su tashe mu daga bakin tafki mu koma zaman haya a Maiduguri. Kwalekwale da komar kamun kifi duk can muka baro su. Ƙugiyoyin nan kaɗai ya fito da su a aljihu.

"An ce kogin Nilu ta tsakiyar Alƙahira ya ratsa," in ji shi. "Ruwa mai girma haka ba ya rasa giwan ruwa. Ka kama mini ɗaya da ƙugiyata, ka kira ni ka ba ni labari. Iyakar tsarabar da nake so ke nan."

Na ce to, amma a raina kunya nake ji. Ni da zan je in karanta fiƙihu in dawo da rawani, shi ne ake haɗa ni da ƙarnin kifi? Na cusa gwangwanin can ƙasan jaka, ya shekara guda a ɗakinmu na unguwar Ainu Shams ban ko kalle shi ba.

A shekarar nan yanar ido ta rufe idanun Baba. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci ƙanwata kan kira ni ta kara masa wayar a kunne. Kowa a gidan karatu yake tambaya, ban da shi. Da mun gaisa sai ya ce, "Malam, ka je ruwa?" Ina ta kawo uzuri har uzurin ya ƙare mini, na ji nauyin tsohon da shi ba zai ƙara ganin ruwa ba.

Sai na fara zuwa. Duk Asabar da safe in hau jirgin ƙasa na metro zuwa unguwar Ma'adi, in taka zuwa bakin kogi da zarena naɗe a jikin gora. A nan na saba da wani dattijo Bamisire, ɗan fansho, mai zama kan kujerar roba da 'yar sandarsa. Ƙugiyarsa ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, da ita yake tsintar karfasa masu faɗin tafin hannu. Ranar da ya ga tawa, dariya ya yi har da tari.

"Ɗana, farautar kada ka zo? Kifin da kake nema ya bar Alƙahira tuni, sai can kudu wajen Aswan. Ungo wannan ƙarama, ka samu na miya."

Na yi godiya na ƙi karɓa. In na kama da tasa, me zan gaya wa Baba? Abin da nake roƙonsa kawai shi ne 'yar karfasa mai rai, in soke ta a ƙugiya in wulla can tsakiya, yadda muke yi a tafki. Aswan kuwa kullum ina cewa sai hutu, hutu ya zo fasfona yana ofis ana sabunta takardar zama.

Ƙasan kogin nan ba yashi ba ne, juji ne: tayoyi, wayoyi, buhunan ɓaraguzai. Sai in ji zare ya yi nauyi, in miƙe ina bisimilla, in ja in ja, zare ya tsinke. Dattijon ya ce, "Ma'alish," wato sai haƙuri, ya ci gaba da tsintarsa. Ni kuma in zauna ina zagin duk wanda ya taɓa jefa taya a ruwa, shi da mai motar. Cikin shekara biyu ƙugiya shida suka tafi haka, ban faɗa wa Baba ko ɗaya ba.

Wata Alhamis na ga giwan ruwa a kasuwar Giza, an kawo shi daga kudu, yana kwance kan ƙanƙara. Na daɗe a tsaye ina kallonsa har mai kifin ya tambaye ni ko saye zan yi. Washegari da Baba ya ce ko na je ruwa, sai na ji bakina ya ce, "Baba, na kama."

Na ji motsin tabarma, ya gyara zama. Ya tambayi girmansa, na kwatanta masa na kasuwa. Ya tambayi sau nawa ya yi tsalle, na ce uku. Sannan ya ce, "Hannunka fa?"

"Lafiya lau, Baba."

Nan take na tuna tafin hannunsa, duk tabon zare ne, don giwan ruwa ba ya fitowa bai yanka mai jansa ba. Ɗan masunci guda, na manta da wannan.

"To, madalla," in ji shi. "Allah ya yi albarka."

Daga ranar bai sake tambayata ruwa ba. Ya koma tambayar karatu kamar kowa, ko an yi jarrabawa, ko sanyi ya sauka. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Haushin kaina ya sa na ɗauki ta bakwai na koma Ma'adi, wai in mai da ƙaryata gaskiya. Dattijon ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Khalas, ya isa haka, ɗana, bar wannan ɗayar." Ban saurare shi ba. Kafin azahar ƙugiyar ta maƙale, na shiga ruwa har ƙugu ina lalube da ƙafa, na fito da guntun zare a hannu.

Bayan wata biyu jikin Baba ya yi tsanani. Ƙanwata ta kira ni ranar da ba Juma'a ba, ta ce yana son magana da ni. Da ƙyar nake jin muryarsa.

"Malam, saura nawa a gwangwanin?"

Na ce, "Saura ɗaya."

"To ka adana ta, kada ka ƙara jefa ta a ruwan mutane. Maƙerin nan ya rasu, babu wanda ya iya wannan lanƙwasar. In an koma tafki, ka kai ta a gani, a ƙera muku irinta."

"To, Baba."

Kwana huɗu bayan nan aka yi jana'izarsa, ina nan Alƙahira. Har yau ba a koma tafki ba. Gwangwanin yana kan tagar ɗakina, babu komai a cikinsa sai man gyaɗa.