Kwalaben da Ba Su Kai Rawayya Ba

Shekarar da aka ɗauke ni aikin kwamfuta a wani ofishin rigakafin dabbobi a Gusau, ji nake ba wanda ya kai ni. Aikina in shigar da kowace ruga da yawan shanunta, na'ura ta fitar da rahoton kwalaben allurar ciwon huhu da za a ɗauka. Kwalba ɗaya shanu hamsin take yi, kuma in an buɗe ta an haɗa da ruwa ba ta kai wata rugar, abin da ya saura zubarwa ake yi. Mai shanu sittin, kwalba biyu ce tasa. Na koya wa na'urar wannan, tana ba da shi daidai a layin kowace ruga.

A ƙasan takardar ta yi mini gardama. Na ce ta haɗa jimillar kwalabe, ta ƙi, wai adadin ba ajiyayye ba ne a rumbun bayanai, lokacin bugawa take lissafa shi. Ga direba a waje yana ta danna hon zai tafi sito. Raina ya ɓaci. Na sa ta tara shanun duka ta raba da hamsin, na buga, na sa hannu.

Tsohon malamin dabbobin da ke jagorantarmu ya riƙe takardar nesa da idonsa. "Wanga adadi bai yi kaɗan ba?"

"Baba, kwamfuta ce ta yi," na ce, har da ɗan murmushina. Allah ya yafe mini.

Ranar farko a Magami lafiya lau. Rana ta biyu a 'Yankuzo ina tsaye da rajista, na ga Baba ya zubar da rabin kwalba a ƙasa. A ruga ta gaba ma haka. Nan na gane kuskurena. Jimillata ba ta san da zubarwa ba, ta ɗauka shanun Zamfara duk a garke ɗaya suke. Na koma bayan mota da biro na haɗa layukan ɗaya bayan ɗaya, sannan na buɗe akwatin ƙanƙara na ƙirga. Ba za su kai ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Abin da ya fi ba ni kunya har yau shi ne addu'ar da na yi ta yi a zuciyata, Allah ya sa wasu rugage su ƙi fitowa. Duk suka fito.

Rana ta uku da hantsi muka isa ruga ta ƙarshe a bayan Rawayya, da kwalba ɗaya tal. Ardon wurin bai taɓa yarda da allura ba. Sau uku Baba ya je a babur kafin ya shawo kansa, shi ma don ciwon ya shiga wani garke kusa da su ne. Ya hana shanun rugar fita kiwo tun asuba, sun haura ɗari, suna tsaye suna ta kuka.

Na ja Baba gefe na faɗa masa. Bai zage ni ba, na so a ce ya zaga. Ya ce, "Kai ka sa hannu. Tahi ka hwaɗa mishi."

Ardo ya saurare ni har na gama. Bai tambayi mece ce kwamfuta ba.

"Hamsin?"

"Hamsin, Ardo."

Ya shiga cikin garken da sandarsa yana taɓa waɗanda za a yi wa allura. Ya fara da waɗanda aka ba shi amana, sannan na matan gidan, sannan na 'ya'yansa. Ni ke ƙirgawa da ƙarfi. Da na ce hamsin sandar tana sama, ya sauke ta a hankali. Bai kai ga ko ɗaya daga cikin nasa ba.

"Nawa su jira ku," ya ce.

Gyaran bai ci mini minti biyar ba: lissafin kowane layi ya kamata in sa ta maimaita ta tara, ba in raba shanun a dunƙule ba. Amma sito ya riga ya rabar da sauran allurar, sai bayan mako uku muka samu. Muka koma da kwalba biyu, akwatin a kan cinyata tun daga Gusau. Rugar ta tashi. Muka tarar da turaku, da wasu ramukan binne shanu guda huɗu da aka rufe da sabuwar ƙasa.