Hoto Ɗaya da Rumbun Mai Gari

Daga Tasawa

Shekarar fari ce, zamanin soja. Ina mushen zane a lakwal, wato malamin makarantar boko, ina kuma ɗaukar hoto. Mai rabon hatsin taimako ya ce ba zai tura buhu ko ɗaya wani ƙauye da ke bayan Cake ba sai ya ga shaidar yunwa, ni aka aika in ɗauko. Ƙarfe biyar na asuba na hau kamyo, babbar motar kaya, hoto takwas ya rage a fim ɗina.

Shingen soja

Ƙarfe tara wani saje ya hangi na'urata.

"Mushe, ka san an hana ɗaukar hoto?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To, ɗauke ni."

Da bindiga, ba bindiga, da hula, ba hula, tsaye, zaune, har da dafa kamyonmu kamar nasa ne. Bakwai suka tafi, saura ɗaya.

Bayan Cake

Na kwana a Mayahi kan bencin tasha, na sha fura ta dala biyu wadda duk ruwa ce. Washegari raƙumi ya kai ni ƙauyen da azahar. Wayyo ni! An ji mai hoto na tafe, kowa ya ci kwalliyar Salla. Mata sun sha kwalli, an aro rago ɗaya da ya rage an ɗaure a gaba.

Na ce, "Baba mai gari, in na kai wannan, hatsi za a ce ku bayar."

"To so kake duniya ta gan mu a wulaƙance?"

"Rumbunka nake so."

Rumbun magidanci kuwa ko ƙaninsa ba ya leƙawa. Sai uwargidan mai gari, Inna Hadi, ta ce wa mijinta, "Malam, kwana ashirin anza muke ci, ɗiyan daji masu ɗaci. Buɗe masa."

Mutum shida suka ɗage jinkar da ke rufe rumbun. Tsohon ya tattare babbar rigarsa ya faɗa ciki, ya tsaya a ƙasan rumbun, ba ko zangarniya ɗaya. Na hau raƙumi na ɗauka daga sama. Wallahi na ji kunya, na ji tausayi.

Gida

Ranar Laraba da la'asar na iso Tasawa, alhamdu lillahi, na gode wa duk wanda ya ba ni ruwa a hanya. Na wanke hoton na kai, bayan mako biyu hatsi ya tafi. Mai raƙumi ne ya kawo min saƙon tsohon: ya gode, amma in wani ya tambaya, in ce rumbun maƙwabcinsa ne, shi ziyara ya shiga.