Manhajar da Take Suma da Azahar

Shekarar da ƙanwata ta ɗauki cikinta na biyu, ni ke kula da manhajar kiran jirgin ruwan asibiti a yankinmu. Wani ƙaramin kamfani ne a birni ya samu kwangilar. Ya rubuta manhajar, ya raba wa ɗakunan shan magani na bakin ruwa da na gungu wayoyi masu faɗi, sannan ya ɗauke ni aiki saboda ni ɗan Yelwa ne kuma na karanci kwamfuta. Da manhajar ake rajistar masu awo da marasa lafiya, da ita kuma ake kiran jirgi. In ciwo ya yi tsanani a ƙauye, ma'aikaci zai danna kira, saƙo ya tafi wayar direban jirgi a Warra ɗauke da wata lamba, lambar kuma ta tafi wayar mai sito. Sai da lambar nan mai sito yake buɗe ƙofa ya fito da injin jirgin da fetur. An kafa dokar ne saboda a baya fetur ɗin asibiti ya sha ƙarewa a jigilar albasa.

Ƙanwata tana aure a wani gungu, tsibirin da ba ka isa can sai ta ruwa. A haihuwarta ta fari ta zubar da jini har muka fidda rai. Don haka ni aikin nan ban ɗauke shi aikin albashi kawai ba. Inna ma in an tambaye ta sana'ata cewa take, "Shi ne mai kiran jirgi da waya," duk da ban taɓa kiran jirgi ko sau ɗaya ba.

Wata biyu da fara aiki, manhajar ta koyi suma. Da safe lafiya lau. Rana na karkatawa sai ka danna ka ga wani ɗan zobe yana ta juyawa, yana ta juyawa, kamar jakin da ya rasa hanyar gida. Ba rajista, ba kira. Sai an kashe saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar a birni, an kunna sannan ta farfaɗo.

Kowa ya kawo nasa hasashen. Oga, mai kamfanin, ya ce sabis ɗin ƙauye ne. Ma'aikata suka ce zafi ne ke dafa wayoyin. Ni kaina na ɓata kwanaki ina zargin batirin sola. Amma ruwa ba ya tsami banza. Da na buɗe log, wato inda na'ura take rubuta abin da ya same ta, magana ɗaya na tarar tana ta maimaituwa: an jira layi, ba a samu ba.

Bari in faɗi yadda abin yake, don ba wani tsafi ba ne. Duk bayanan marasa lafiya suna cikin rumbun bayanai. Manhaja ba ta magana da rumbun kai tsaye, akwai tafinta a tsakaninsu, mu masu sana'ar muna ce masa ORM. Kai ka ce masa "adana matar nan," shi ya juya maganar zuwa yaren rumbu. Amma kafin ya yi magana sai ya ari layi, layukan kuma ƙidayayyu ne, goma aka tanada a wuri ɗaya. Kamar guga ne a rijiyar unguwa: ka ɗauka, ka ja ruwanka, ka mayar, na bayanka ya ɗauka. In kowa na mayarwa, guga goma sun ishi gari. Namu kuwa ana ɗauka ba a mayarwa. Abin da ban gane ba shi ne wa ke tafiya da su, kuma me ya sa sai da azahar.

Na bi rubutun manhajar layi-layi har idona ya yi ja. Na gwada a ɗakina, na yi rajistar mutanen ƙarya sun fi a ƙirga, ko gezau ba ta yi ba. Takaici ya ishe ni, na hau jirgin kasuwa na tafi gungun su ƙanwata, na ce in ban gano komai ba ai na gaishe ta.

Na same ta a ɗakin shan magani, ta zo awo, ƙafafunta sun kumbura. Tana ganina ta fara tsiya.

"Yaya, kai ne mai abin nan da ke sa mu zaman jira? Ashe a gida ɓarawon yake."

Na zauna a benci ina kallon ma'aikacin. Ya buɗe rajistar wata mata, ya cika shafin farko, ya shiga na biyu yana jiran sabis. Sai aka kira salla. Ya kife wayar a kan tebur, ya ɗauki buta.

Na ce, "Malam, ba ka gama ba."

Ya ce, "In na dawo na ƙarasa. Ai a wurin horo cewa aka yi kada mu rufe shafi, aikin zai ɓace."

Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Wanda ya rubuta manhajar ya sa tafinta ya ari layi tun daga shafin farko, ya riƙe shi har sai an danna "adana" a shafin ƙarshe. A ofishin birni, inda ake cika rajista cikin ƙiftawar ido, ba wanda zai lura. A nan kuwa sabis na rarrafe, rajistar doguwa, kuma ladan ba ya jiran kowa. Daga Shanga har Ngaski, lokaci guda ma'aikata ke kife wayoyi su tafi alwala, kowa da gugansa a hannu bai sani ba. Wani daga masallaci sai abinci, wani wayar ta mutu a kife. Mafi muni, ko an rufe shafin layin ba ya komawa, don saba ba ta san an tafi ba. Jira take yi kawai.

Gyaran bai kai ya kawo ba. A bar waya ta riƙe abin da aka rubuta, sai an zo adanawa tafinta ya ari layi ya mayar nan take. Duk layin da ya daɗe a hannu ba motsi a ƙwace shi. Kiran jirgi kuma a ware masa nasa layin da rajista ba za ta taɓa ba. Kwana biyu na rubuta, na gwada, na tura wa Oga ina jin kaina kamar wanda ya kamo giwan ruwa.

Ya ce a dakata. Masu ba da tallafi za su zo duba aiki ƙarshen wata, ba ya son a taɓa komai kafin su zo su tafi. A maimakon gyara sai ya sa aka ƙara yawan layukan. Suman ya matsa daga azahar zuwa la'asar, ƙaramar sabar kuma ta fara nishi.

Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, Inna ta sha cewa a bakina ajalina yake. A taron waya, gaban sauran ma'aikata, na ce, "Oga, mutane na tafiya da guga, kai kana ƙaro guga. Ko ɗari ka saya haka za su ƙare."

Ya ce, "Kai ne za ka koya min aiki?"

Na ce, "Ba aiki nake koya maka ba. Amma ranar da aka kira jirgi bai zo ba, ran yana wuyanka."

Washegari na tashi na tarar an canza mabuɗin shiga saba. Ba a kore ni ba, an dai ce aikina yanzu shi ne zagaya ƙauyuka da gyaran caja. Kashe saba da kunnawa kuma wani ne a ofishin birni zai riƙa yi kullum da rana. Har yau in na tuna taron nan raina na ɓaci, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Na yi abin da ya rage min. Na bi ma'aikata ina roƙo su gama rajista kafin salla. Wasu suka ce to, wasu suka nuna min layin mata har waje suka ce in zo in gama da kaina. Na je wurin mai sito na ce in ta ɓaci ya ba da inji ko ba lamba. Ya ce an taɓa yanke masa albashi a kan haka, yana da iyali. Daga nan na koma kan mijin ƙanwata, muka yi magana a kan ta dawo Yelwa wurin Inna ta haihu kusa da asibiti. Ya yarda, ya ce bayan kasuwar mako mai zuwa, ai da sauran lokaci.

Ranar Juma'a naƙuda ta zo mata, kafin lokacin da aka ƙiyasta.

Ina shirin masallaci mijinta ya kira ni. Ta haihu, namiji, amma jini ya ƙi tsayawa. Ma'aikacin ɗakin magani ya danna kira, zoben nan yana ta juyawa. Ban buƙaci a gaya min dalili ba. Ranar Juma'a tun hantsi ake kife wayoyi, ofishin birni kuma da rana ake rufe shi sai Litinin.

Na kira ofis, ba a ɗauka ba. Na kira Oga, a kashe. Na buɗe kwamfutata na buga tsohon mabuɗina, na san ba zai yi ba, na sake bugawa. Gyaran yana nan a gabana, a rubuce, a gwade, ba ni da ƙofar da zan shigar da shi. Ban taɓa jin na tsani sana'ata irin ranar ba.

Na kira direban jirgin, wani dattijo mai sanyin magana da ya san ƙanwata tun tana yarinya. Ya ce yana bakin ruwa, jirgi na nan, amma inji na sito, mai sito kuma ya ce ba lamba ba mabuɗi, ya shige masallaci. Na ce, "Baba, ka ari na wani, ko nawa ne." Ya ce masu jiragen duk suna sahu, masu fetur sun rufe. Sai da aka sallame ya samu aron jirgi. A lokacin mijinta ya gaji da jira, ya shimfiɗa ta a kwale-kwale, shi da ƙaninsa suna tuƙi da hannu.

A tsakiyar ruwa suka haɗu. Dattijon ya gaya min daga baya cewa da suka ɗauke ta zuwa jirginsa tana da sauran magana, ta tambaya ko an ba yaron ruwa. Kafin su ga rumfunan Warra ta cika. Ni ina bayan ɗan acaba a hanya lokacin, ina ta ce masa ya ƙara wuta.

Ranar Litinin aka yi addu'ar uku a ƙofar gidanmu a Yelwa. Jaririn yana ciki wurin Inna, ana ba shi madara da cokali. Direban jirgin ya zo tun da safe, ya zauna kusa da ni a tabarma. An shafa fatiha ke nan, ana raba gumba, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, sannan ya miƙo min.

"Duba min, ɗana, ban zo da tabarau ba."

An buɗe ofis a birni, an kashe saba an kunna. Kiran da ya kwana uku a wayar ɗakin magani yana neman layi ya samu. Saƙon ya ce a gaggauta zuwa gungu, mai jego tana zubar da jini. Ga sunanta, ga shekarunta, ga lambar karɓar inji.

"Aiki ne?" in ji shi, har ya fara laluben takalmansa.

Na ce, "A'a Baba, zauna. Tsohon saƙo ne."

A makon nan Oga ya kira ya yi min ta'aziyya, ya ce rai na Allah ne. Na ce haka ne. Ya mayar min da mabuɗi ba tare da na roƙa ba. Na shigar da gyaran ina zaune a zaure, shayin da aka zuba min bai huce ba na gama. Tun daga ranar manhajar ba ta sake suma ba, na kuma ci gaba da aikin, don akwai ƙannen wasu a gungu.

Inna ba ta taɓa tambayata abin da ya faru da kiran ba, ni ma ban taɓa iya gaya mata ba. Sai wata rana da azahar, tana goye da yaron tana tankaɗe, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Abin nan naku na kiran jirgi, yana yi yanzu?"

Na ce, "Yana yi, Inna."

Ta ce, "To, madalla." Ta gyara goyonta ta ci gaba da tankaɗe. Daga ranar, in an tambaye ta sana'ata, cewa take aikin kwamfuta nake yi.